Fashin Baƙi: Haɗarin tsofaffin tankunan mai da ke binne a ƙasa, da yadda ake cire su a tsaftace wurin

Duk wanda ke bin manyan hanyoyin ƙasar nan ya saba ganin gidajen mai da suka daina aiki. An kwance famfuna, rufin kwano ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakanin siminti. Wasu an mayar da su wuraren wankin mota, wasu shaguna, wasu kuma an rushe su an yanka filin an sayar wa masu gina gidaje. Abin da ido ba ya gani shi ne tankunan ƙarfe da aka binne a ƙarƙashin filin tun ranar da aka gina gidan man. Sau da yawa suna nan inda aka bar su, da ragowar mai da dauɗa a cikinsu.

Wannan lamari ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye, domin miliyoyin 'yan Najeriya daga rijiya ko rijiyar burtsatse suke samun ruwan sha. Ruwan da ke ƙarƙashin gidan mai shi ne dai ruwan da maƙwabta ke ɗiba. Idan tanki ya huje, ba a jin ƙara, ba a ganin hayaƙi, kuma ana iya ɗaukar shekaru kafin wani ya ji warin fetur a gugarsa.

Yadda yoyo ke farawa

Ana binne tankin mai ne saboda dalilai masu ma'ana. Ƙasa tana kare shi daga zafin rana da gobara da karon mota, tana kuma rage wa gidan mai cunkoso. Gidan mai guda yakan ƙunshi tankuna da dama, na fetur da na dizal da na kananzir, kowanne yana ɗaukar dubban litoci, wasu har sukan shanye lodin tanka guda mai lita 33,000.

Matsalar ita ce yawancin tsofaffin tankunan da ƙarfe zalla aka ƙera su, mai bango ɗaya. Ƙarfen da ke kwance cikin ƙasa mai danshi yana yin tsatsa daga waje. Daga ciki kuma, ruwan da ke shiga tare da mai ko wanda ke taruwa daga raɓa yakan kwanta a gindin tanki, domin ya fi mai nauyi, ya riƙa cin ƙarfen a hankali. Daga ƙarshe sai a sami huji wanda wataƙila bai fi kan allura ba.

Ba jikin tanki kaɗai ke yoyo ba. Bututun da ke kai mai daga tanki zuwa famfo, da mahaɗansu, suna cikin wuraren da aka fi samun ɓaraka. Akwai kuma man da ke zuba a bakin tanki duk lokacin da direban tanka ya cire tiyo, da wanda ke ambaliya idan aka cika tanki fiye da kima. Kowanne kaɗan ne a rana guda, amma yana taruwa a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Gwajin da dokar Amurka ta amince da shi na tabbatar da lafiyar tanki dole ne ya iya gano yoyon da ya kai kashi ɗaya cikin goma na galan a awa guda, wato ƙasa da rabin lita. Yoyo irin wannan, idan aka bar shi shekara guda, zai zubar da galan 876, kimanin lita 3,300. Manajan da ke auna mai da sanda kowace safiya zai iya ɗaukar giɓin lita tara a rana a matsayin kuskuren awo ko man da ya bi iska.

Inda man ke tafiya

Man da ya fita daga tanki yana gangarawa ta cikin ƙasa har ya isa saman ruwan da ke ƙarƙashinta. Da yake ya fi ruwa sauƙi, sai ya kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. Daga nan ya kasu uku. Wani sashe yana maƙalewa a jikin ƙasa, wani yana zama tururi ya bi ramuka da magudanai da masai har ya shiga ɗakuna, wani kuma yana narkewa cikin ruwa ya bi shi duk inda ya gangara.

Sashen da ke narkewa shi ne ya fi damun masana lafiya, musamman sinadarin benzin da ke cikin fetur. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya benzin cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, musamman kansar jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada benzin ya wuce mikrogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, kuma mikrogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Idan aka ɗauka cewa kashi 1 cikin 100 na fetur benzin ne, to lita guda tana ɗauke da kusan giram 9 na sinadarin. Wannan ya isa ya kai ruwa kusan lita 900,000 zuwa iyakar ma'aunin. Abin tsoron shi ne ruwa na iya wuce wannan iyaka tun kafin hanci ko harshe su ji wani bambanci.

Yanayin ƙasa yana da tasiri a kan saurin yaɗuwar. A yankin Neja Delta da gaɓar teku ruwa yana kusa da doron ƙasa, don haka mai ba ya daɗewa kafin ya cim masa. A yankunan Sakkwato da tafkin Chadi akwai ƙasa mai yashi wadda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi. A wurare kamar Kano da Zariya, inda dutse ke kwance a ƙarƙashi, rijiyoyin hannu da yawa suna ɗiba ne daga siririn sashen ƙasa da ke bisa dutsen, wanda shi ne sashen da man ke fara gurɓatawa. Da damina ruwan ƙasa yana hawa, da rani ya sauka, kuma wannan hawa da sauka yana shafa man a jikin ƙasa mai faɗi.

Abin da ya faru a Amurka

Amurka ce ƙasar da ta fi tattara bayanai a kan wannan matsala, domin ta sha wahalarta. A shekarar 1984 majalisar dokokin ƙasar ta ƙara wani sashe a dokar kula da shara wanda ya ɗora wa hukumar kare muhalli ta EPA nauyin sa ido a kan tankunan ƙarƙashin ƙasa. A wajen dokar, duk tankin da aƙalla kashi 10 cikin 100 na girmansa, haɗe da bututunsa, ke cikin ƙasa ya shiga wannan rukuni.

A 1986 aka kafa asusu na musamman domin tsaftace wuraren da mai tankin ya ɓace, ko ya kasa biya, ko ya ƙi. Ana cika asusun da harajin kashi ɗaya cikin goma na santi a kan kowane galan na man mota. A 1988 hukumar ta fitar da ƙa'idoji, ta ba masu tsofaffin tankuna shekara goma, zuwa 22 ga Disamba, 1998, su gyara su, ko su sauya su, ko su rufe su.

Lokacin da aka fara aikin, tankunan da dokar ta shafa sun kai kusan miliyan biyu. A yau waɗanda ke aiki ba su kai 600,000 ba. An tabbatar da yoyo a wurare fiye da 500,000, an tsaftace mafi yawansu, amma har yanzu akwai dubun-dubatar wurare da ke jiran aiki, bayan fiye da shekara 30.

Birnin Santa Monica da ke jihar Kalifoniya ya zama abin misali. A 1996 aka gano sinadarin MTBE, wanda ake ƙara wa fetur domin ya ƙone da kyau, a cikin rijiyoyin birnin. Sinadarin yana narkewa cikin ruwa da sauƙi, yana kuma yin nisa fiye da benzin. Dole ta sa aka rufe rijiyoyin da ke ba birnin kusan rabin ruwan shansa, aka koma sayen ruwa daga waje. Sai a 2010, bayan shari'a da gina matatar ruwa ta musamman, rijiyoyin yankin Charnock suka dawo aiki. Shekara 14 ke nan a ƙasa mai kuɗi da ƙwararru.

Daga irin wannan darasi ne aka tilasta amfani da tankuna masu bango biyu, waɗanda ke da na'urar gano yoyo a tsakanin bangon, da tankunan zaren gilashi da ba sa tsatsa. Ga tankin ƙarfe kuwa, akan haɗa shi da wani ƙarfe mai saurin lalacewa, kamar tutiya ko magniziyam, domin tsatsa ta ci shi a maimakon tankin. Wata doka ta 2005 ta wajabta duba kowane gidan mai aƙalla sau ɗaya a shekara uku, da horar da ma'aikatansa. Haka kuma dole ne mai sayar da mai ya nuna cewa yana da inshora ko wata hanyar biyan dala miliyan ɗaya idan yoyo ya auku.

Yadda ake cire tanki

Cire tanki aiki ne mai matakai, kuma tsallake ɗaya daga cikinsu na iya jawo asarar rai. Matakin farko shi ne sanar da hukuma. A Amurka ana ba da sanarwa aƙalla kwana 30 kafin a fara. Sai a gano inda wayoyin lantarki da bututun ruwa suka bi, a killace wurin, a kawar da duk abin da zai iya tayar da wuta.

Daga nan a zuƙe ragowar mai daga tanki da bututu, a kwashe dauɗar da ta kwanta a gindi. Wannan dauɗa guba ce, ba a zubar da ita a kwata ko a bola. A tankunan da suka daɗe tana iya ƙunsar dalma, kasancewar sai zuwa farkon shekarar 2006 ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara suka daina amfani da fetur mai dalma.

Mataki mafi haɗari shi ne na tururi. Mutane da yawa suna zaton tankin da babu mai a ciki ba shi da haɗari, alhali shi ya fi saurin fashewa. Tururin fetur yana kamawa da wuta ne idan ya kai tsakanin kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke wurin. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A tankin da aka zuƙe kuwa, iska ta shiga ta gauraya da tururi daidai gwargwadon da tartsatsi ɗaya zai isa. Ga shi kuma tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a gindin tanki da cikin rami maimakon ya tashi sama.

Saboda haka ƙwararru sukan kori tururin da iska mai ƙarfi, ko su kori iskar oksijin ta hanyar zuba busasshiyar ƙanƙara ko iskar naitirojin, sannan su auna da na'ura a sama da tsakiya da gindin tanki kafin a taɓa shi. Babu dalilin da zai sa mai walda ya kusanci tanki da wuta, ko lebura ya shiga cikinsa, kafin a yi wannan awo.

Bayan haka sai a tone ƙasar da ke kewaye, a cire bututu, a ɗaga tankin da motar ƙugiya, a ajiye shi a tokare don kada ya gangara. Ana duba jikinsa a nemi huji, a ɗauki hoto, a rubuta. Idan za a kai shi wurin 'yan gwangwan, sai an wanke shi an huda shi yadda ba zai sake amfani ba. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur bai dace da ajiyar ruwan sha ko hatsi ba, komai wankin da aka yi masa.

Wani lokaci cire tanki zai iya raunana harsashin gini da ke kusa. A irin wannan hali ana yarda a bar shi a wurinsa, bisa sharaɗin a wanke shi a cika shi da yashi ko kankare. Barin tanki fanko a ƙasa yana da haɗari biyu: zai iya ruftawa idan tsatsa ta cinye shi, ko kuma ruwan ƙasa ya turo shi sama da damina.

Tsaftace ƙasa da ruwa

Fitar da tanki rabin aiki ne. Kafin a cike rami, dole a ɗebi samfurin ƙasa daga gindinsa da gefunansa, da ƙarƙashin bututu da famfuna, a kai ɗakin gwaji. Idan an sami mai, sai a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye domin a san nisan da ya yi da kuma inda ruwan ke gangarawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwashe gurɓatacciyar ƙasar a kai ta inda za a sarrafa ta, a kawo sabuwa. Idan mai yana kwance a kan ruwa, ana fara tsotse shi. Inda gurɓatar ta yi zurfi ko ta shiga ƙarƙashin gini, akan kafa bututu a riƙa zuƙo tururi daga cikin ƙasa, ko a hura iska cikin ruwa domin ta fitar da sinadaran. Akwai kuma hanyar janyo ruwan sama, a tace shi ta cikin gawayi na musamman. Wata hanyar ita ce a taimaka wa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa, waɗanda ke cin mai, ta hanyar ba su iska da taki. Yanayin zafi irin namu yana taimaka wa wannan hanya, muddin iska na isa wurin.

Ƙasa ana iya gama ta cikin makonni ko watanni. Ruwa kuwa yakan ɗauki shekaru, kuma ba a cewa an gama sai gwaji ya nuna haka sau da dama, da rani da damina.

Doka a Najeriya da darasin Ogoni

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. An kafa hukumar gano malalar mai da ɗaukar mataki, wato NOSDRA, a 2006. Dokarta ta wajabta wa wanda mai ya zube daga wurinsa ya kai rahoto a rubuce cikin awa 24. Rashin yin haka yana jawo tarar Naira 500,000 a kowace rana, rashin tsaftace wurin kuma tarar Naira miliyan ɗaya. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ta gaji tsohon sashen DPR wajen ba gidajen mai lasisi da sa musu ido, ta kuma tanadi asusun gyaran muhalli. Ƙa'idojin muhalli na harkar mai, waɗanda aka fara fitarwa a 1991, sun ce idan mai ya kai miligiram 5,000 a kilo guda na ƙasa wajibi ne a ɗauki mataki, kuma abin da ake son a koma gare shi shi ne miligiram 50.

Ƙasar ta kuma ga abin da gurɓatar ruwan ƙasa ke haifarwa. A unguwar Baruwa da ke ƙaramar hukumar Alimosho a Legas, mazauna sun shafe shekaru, tun daga shekarun 1990, suna samun fetur a rijiyoyinsu sakamakon yoyon bututun mai da ya ratsa yankin.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a kan yankin Ogoni a watan Agustan 2011 ya fi kowane bayani fito da lamarin fili. A Nisisioken Ogale da ke ƙaramar hukumar Eleme ta jihar Ribas, an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan da rijiyoyi ke ɗiba, kuma benzin ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar ware dala biliyan ɗaya a matsayin kuɗin farawa. An ƙaddamar da aikin a Bodo a watan Yunin 2016.

Wani abu da rahoton ya gano ya shafi gidajen mai kai tsaye. Hanyar da aka saba bi, ta juya saman ƙasa a bar rana da iska su yi aikinsu, ba ta wadatar ba, domin a wurare da dama mai ya nutse fiye da mita 5. Wurin da aka share aka shimfiɗa masa sabon siminti zai iya yin kyau a ido alhali gubar tana nan a ƙasa.

Tushen gurɓatar Ogoni da Baruwa bututu ne da wuraren haƙar mai, ba tankin gidan mai ba. Sai dai yadda mai ke bin ƙasa ya isa rijiya iri ɗaya ne, kuma gidajen mai sun fi bututu kusanci da gidajen jama'a a kowace jiha.

Abin da ya kamata jama'a su lura da shi

Wanda zai sayi fili a bakin hanya ya binciki tarihinsa daga mai unguwa da dattawan wurin. Akwai alamomin da ke tona asirin tsohon gidan mai: dogayen siraran bututu na fitar da iska a jikin katanga, murafen ƙarfe a ƙasa, da dandamalin siminti inda famfuna suka taɓa zama. Idan an ce an cire tankuna, ya nemi ganin takardar hukuma da sakamakon gwajin ƙasa. Kuɗin gwaji ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin gyaran ruwa.

Maƙwabtan gidan mai, mai aiki ko rufaffe, su kula da warin fetur ko ƙyallin mai a ruwan rijiya, da warin mai a masai ko kwata, musamman bayan ruwan sama. Idan aka ga haka, a daina sha da girki da ruwan nan take. Tafasawa ba ta magance matsalar, hasali ma tana sakin benzin cikin iskar ɗaki. Kada a leƙa rijiyar da ashana ko fitilar aci-balbal, kada kuma a tura yaro ya shiga. A rubuta ranar da aka fara lura, a kai ƙorafi a rubuce ga ofishin NOSDRA ko NMDPRA mafi kusa da ma'aikatar muhalli ta jiha, a kuma riƙe kwafin takardar.

Ga masu gidajen mai, daidaita lissafin abin da ya shiga da abin da aka sayar a kowace rana shi ne gwaji mafi arha. Giɓin da ke maimaituwa kullum alama ce da ke buƙatar a kira masu gwajin tanki, ba a zargi ma'aikata da sata kawai ba.

Ga hukumomi kuwa, abin da Amurka ta fara da shi bai buƙaci fasaha mai tsada ba. Ta tilasta wa kowane mai tanki ya yi rajista, ya faɗi inda tankin yake, da shekarunsa, da abin da aka ƙera shi da shi. Da wannan rajista ne aka san tankunan da za a fara da su, aka kuma san wanda za a nema idan rijiyar maƙwabci ta fara wari.